Cuta Ba Ta San Iyaka Ba: Abin da Yaƙin Bushiya Ya Koya Mana

  

Maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta haɗin kan ƙasashen duniya wajen binciken lafiyar jama'a da na muhalli, watau ƙasa da ruwa da ciyawar da muke rayuwa a kansu. Da jin haka wani zai ce wannan ai zancen manyan ofisoshi ne na Yamai da Injamena da Turai, ina ruwan mai sanda da shi. To, duk wanda aka taɓa zuwa garkensa aka ɗebi jinin saniya cikin ƴar kwalba, duk wanda ya taɓa kora shanunsa cikin shingen allura, duk falken da aka taɓa tambayarsa takardar rigakafi a bakin iyaka, ya riga ya shiga cikin wannan aiki, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, wannan haɗin kai ya taɓa yi mana babban amfani, kuma bai ci nasara ba sai ranar da aka ɗauki makiyayi abokin aiki. Domin haka muna da hakki a cikinsa, akwai kuma nauyin da ya rataya a wuyanmu. Za mu fara da labarin bushiya, domin babu misalin da ya kai shi.

Yadda bushiya ta shigo

Samarin da ke wannan taro ba su taɓa ganin bushiya ba. Dattawa kuwa sun san ta. Saniya ta yi zazzaɓi, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo ta kasa kiwo, sa'an nan zawo mai wari ya biyo baya, kafin kwana goma ta faɗi. In ta shiga garken da bai taɓa saninta ba, cikin shanu goma da wuya biyu su tsira.

Masana tarihi sun bi sawunta. Cikin shekarar 1887 sojan Italiya suka sauke shanu daga Indiya a tashar jirgin ruwa ta Masawa, cikin ƙasar Eritiriya ta yanzu, domin abincin dakarunsu. Cutar na jikin waɗannan shanu. Daga can ta shiga Habasha da Sudan, ta bi hanyoyin shanu da na fatake ta yi yamma, wajen 1890 zuwa 1891 ta iso ƙasashenmu. Mutanen wancan zamani suka sa wa annobar suna "Sannu", domin ba abin da mutum zai iya ce wa ɗan'uwansa sai sannu. Wadda ta dawo wajen 1913 zuwa 1914 aka kira ta "Gamagari". Gidaje da yawa da suka gaji kiwo kaka da kakanni a nan suka rasa dukiya, suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya.

Turai ma ba ta tsira ba. Cikin 1920 wasu shanu daga Indiya da ake kai wa ƙasar Barazil suka yada zango a tashar Antwaf ta Beljiyam, suka bar cutar a can. Tsoron da wannan ya jawo shi ya sa ƙasashe 28 suka taru a birnin Paris cikin 1924 suka kafa ofishin lafiyar dabbobi na duniya, wanda aka daɗe ana kira OIE. Ka'idarsa ita ce, duk ƙasar da annoba ta ɓulla cikinta ta gaya wa sauran. Watau tsoron bushiya ne ya fara zaunar da ƙasashe a kan tabarma ɗaya game da lafiyar dabba.

A nan Afirka aka kafa ɗakunan bincike. Na Vom kusa da Jos ya fara cikin 1924, na Farsha a bakin Injamena ya biyo baya wajen farkon shekarun 1950. A Muguga ta ƙasar Kenya wani likitan dabbobi Bature ɗan Ingila, Walter Plowright, ya sami maganin rigakafin da allura ɗaya ke kare saniya har iyakar ranta, ba ta kuma jigata dabba kamar magungunan da aka yi amfani da su kafin nan. Kafin 1962 magani na hannu. Abin da ya rage shi ne a kai shi ga kowace saniya.

Aikin da aka bari a tsakiya

Cikin 1962 aka buɗe babban yaƙi da bushiya wanda ake kira JP15. A ƙasashenmu aka fara shi, watau Nijar, Nijeriya, Kamaru da Cadi, masu kewaye da Tafkin Cadi, domin an lura garke ɗaya na iya cin ciyawar ƙasa uku cikin shekara guda, saboda haka rigakafin ƙasa ɗaya ita kaɗai aikin banza ne. Kuɗi suka zo daga Turai da Amurka. Aka yi ta yi wa shanu allura shekara uku a jere, wadda aka yi wa a huda mata kunne. Akwai dattawa a nan da suka riƙe igiya a wancan lokaci. Daga nan aikin ya bazu har ya game ƙasashe 22, aka rufe shi cikin 1976. Bushiya ta yi shiru, jama'a suka ce ta mutu.

Ashe ba ta mutu ba. Yarjejeniyar ita ce, in masu ba da kuɗi suka janye, kowace ƙasa za ta ci gaba da yi wa maruƙan kowace shekara allura, ta kuma sa ido. Ƙasashe da yawa suka kasa. Farin 1973 ya cinye aljihun gwamnatoci, motoci suka lalace, firiji ba kananzir. A gefe guda kuma makiyaya da dama ba sa son kawo garke duka wurin allura, domin sun saba duk inda aka ƙirga shanu jangali na biye. Cutar ta laɓe a wurare biyu da hukuma ba ta kaiwa sosai: wajen iyakar Mali da Muritaniya a yamma, da kudancin Sudan da Habasha a gabas. Shekara ta bi shekara, shanun da aka huda wa kunne suka ƙare, garkuna suka cika da waɗanda ba su da kariya.

Farkon shekarun 1980 ta taso daga ɓangarorin nan biyu, ta haɗu a tsakiya, a kanmu. Duk wanda ya yi wayo kafin 1983 ya tuna mushe a bakin burtali da mashaya. An ƙiyasta hasarar Nijeriya kaɗai ta kai dala miliyan 2,000. Bayanta kuma farin 1984 ya zo ya kwashe abin da ya rage. Darasi na farko ke nan: aikin annoba in aka bar shi a tsakiya, ya kan dawo ya tarar da mutane sun saki jiki.

Ranar da aka nemi makiyayi

Cikin 1986 ofishin dabbobi na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ke Nairobi ya buɗe sabon yaƙi mai suna PARC, da taimakon kuɗin Tarayyar Turai. Wannan karon an koyi hankali. Aka kafa wurin gwada ingancin magani a Habasha, domin kada a riƙa yi wa shanu allurar ruwa. A Afirka ta Yamma ba a sake ganin cutar ba bayan 1988. Amma a gabas ta ƙi tafiya, musamman a kudancin Sudan inda ake yaƙi, da ƙasar Afar ta Habasha inda zafi ya yi yawa kuma babu hanyar mota.

Abu biyu suka warware matsalar. Na farko, maganin Plowright ba ya jure zafi, in ya fita daga ƙanƙara ya mutu. Wajen 1990 wani likita Ba'amurke, Jeffrey Mariner, da abokan aikinsa suka gano hanyar busar da shi ta yadda zai yi wata guda ba firiji bai lalace ba. Na biyu, da yake yanzu ana iya sa magani a jaka a hau raƙumi ko a tafi da ƙafa, sai aka koma wurin dattawan makiyaya aka ce su zaɓi mutanensu. Aka koya wa waɗannan samari yin allura da gane alamun cuta, suka bi garkunan danginsu inda ma'aikacin gwamnati bai taɓa taka ƙafa ba. Da aka gwada jinin shanun Afar daga baya, sai aka tarar aikin waɗannan makiyaya ya fi na ƙungiyoyin da ke yawo da motoci kyau, ga shi kuma kuɗinsa kaɗan. Bayan 1995 Habasha ba ta sake ganin bushiya ba.

Har ila yau akwai wani abin da likitoci suka koya. A wajen iyakar Kenya da Somaliya cutar ta yi laushi, ba ta kashewa sosai, har malamin dabbobi na iya kallonta bai gane ta ba. Makiyayan wurin kuwa suna da sunanta, sun san garken da ta shiga da shekarar da ta shiga. Sai masu bincike suka ajiye takardun tambayoyinsu suka zauna ƙarƙashin itace suna sauraro, aka zana taswirar cutar daga bakin masu shanu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan ne kuma za mu amsa tambayar da aka sha yi mana: me ake yi da jinin da ake ɗiba? Saniyar da aka yi wa allura da wadda ta taɓa yin cutar, duka jininsu na nuna alama iri ɗaya. Domin a tabbata cuta ta tafi, dole a daina allura gaba ɗaya, sa'an nan a gwada jinin shanun da aka haifa bayan an daina. In dubban irin waɗannan shanu ba su nuna alama ba, to ƙwayar cutar ba ta yawo a ƙasar. Jinin shanunmu shi ne shaidar da ƙasashenmu suka kai gaban duniya. An ga bushiya karo na ƙarshe cikin 2001, a jikin ɓauna a dajin Meru na Kenya. Cikin watan Mayu da na Yuni 2011, OIE da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, suka yi shelar ta ƙare a duniya. Cuta biyu kaɗai ɗan Adam ya taɓa kawarwa haka: agana cikin 1980, sai bushiya.

Shanu sun sami allura, yara ba su samu ba

Bushiya ba ta kama mutum, amma masana sun tabbatar ƴar'uwar ƙyanda ce ta jini, kakansu ɗaya. To, yayin da ake bin shanunmu da allura har cikin daji, wa ke bin ƴaƴanmu?

Wannan tambaya aka yi a ƙasar Cadi. Wajen 1999 zuwa 2000 masu bincike na Cadi, har da na ɗakin binciken Farsha, tare da cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan, suka zagaya rugagen Fulani da na Larabawa a yankunan Shari-Bagirmi da Kanem. Abin da suka tarar abin kunya ne ga kowace hukumar lafiya. Shanu da yawa an yi musu rigakafi, amma cikin yaran da suka duba ba su sami ko ɗaya da ya cika alluransa ba. Dalili a fili yake. Asibiti na zaune wuri ɗaya, malamin dabbobi ne kaɗai ke zuwa inda garke yake.

Sai aka tara ma'aikatar lafiya da ta kiwo da shugabannin makiyaya, aka shirya abu mai sauƙi: likitan mutane da na dabbobi su shiga mota ɗaya, su yi amfani da firiji ɗaya, su sauka a zango ɗaya. Maza na kama shanu ana yi musu allurar saifa da harbin daji da ciwon huhu, mata na gefe ana yi wa yara ta ƙyanda da shan inna da tarin shiƙa, su kuma matan a yi musu ta ciwon sarƙe haƙora. Tsakanin 2000 da 2005 an yi wa dabbobi kusan 150,000 allura ta wannan hanya, yara fiye da 4,600 suka cika nasu. Da aka yi lissafi, ɓangaren lafiyar mutane ya rage kashi 15 cikin 100 na kuɗin aiki, tun da mai da mota an raba. Yau wannan tunani ya zagaya duniya, ana kiransa "lafiya ɗaya", watau lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Mu da muke shan ruwan tafki ɗaya da bisashenmu mun daɗe da sanin haka.

Ruwan sama, sauro da kasuwa

Akwai cutar da ke nuna wannan ɗauri sarai, ita ce zazzaɓin Kwarin Rift, wanda aka fara ganewa a Kenya wajen 1930. Sauro ke ɗaukar ta. Ƙwan wani irin sauro na iya kwana cikin busasshiyar ƙasar fadama shekara da shekaru da cutar a cikinsa. In aka yi damina mai ruwa fiye da kima, fadamu suka cika, sai ya ƙyanƙyashe ya ciji dabbobi. Alamarta ita ce tumaki da awaki da raƙuma su yi ta ɓari gaba ɗaya, ƴan raguna sababbin haihuwa su yi ta mutuwa. Mutum ya fi kamuwa ta hanyar jini da ruwan haihuwa, wajen yanka, wajen fiɗa, ko wajen jawo ɗan da ya mutu a ciki. Ɗanyen nonon dabbar da ta kamu ma abin gudu ne.

Aikin hannun mutum na iya buɗe mata ƙofa. An gama madatsar ruwa ta Diyama a kan kogin Senegal cikin 1986, ruwa ya kwanta inda da ba ya kwanciya, cikin 1987 cutar ta ɓarke a Roso ta Muritaniya ta kashe mutane sama da 200. Wannan ya isa hujja a ce duk wanda zai gina madatsa ko ya buɗe gonakin ban-ruwa a ƙasar kiwo, a binciki abin da zai jawo wa dabba da mai ita tun kafin a sa harsashi.

Mu ma ta iso mu. Cikin watan Agusta 2016 aka fara jin mutane na zazzaɓi da zubar jini a wajen Cintabaradan cikin jahar Tawa, dabbobi kuma na ɓari. Aka aika jini Dakar, cibiyar Pasteur ta tabbatar da cutar cikin watan Satumba, daidai lokacin da garkuna daga ƙasashe da dama ke haɗuwa a Ingal domin lasar gishiri. Sama da mutum 30 suka rasu, yawancinsu makiyaya. Ku duba yadda abin ya bi: cuta a Tawa, gwaji a Senegal, masu taimako daga Hukumar Lafiya ta Duniya da FAO. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Binciken muhalli na iya ba da gargaɗi tun da wuri. Cikin 2006 masana a Amurka, ta hanyar hotunan tauraron ɗan Adam masu nuna ruwan sama da tsiron ciyawa, suka yi gargaɗin cutar za ta tashi a gabashin Afirka makonni kafin ta kama mutane. Amma binciken da aka yi daga baya a arewa maso gabashin Kenya ya nuna makiyayan Somali sun ga yawan sauro da ɓarin dabbobi tun kafin labari ya kai ofis. Da an haɗa idon sama da idon makiyayi, da an ceci rayuka. A nan gida muna da irin wannan cibiya. Bayan farin 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS, cikin 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, wadda ke bin ruwan sama da ciyawa da fara, tana kuma fitar da hasashen damina kowace shekara. Tambayarmu ita ce, wannan labari nawa ne daga cikinsa ke kaiwa kunnen garso kafin ya yanke ranar tashi?

Ƴan'uwa fatake, wannan magana ta shafi aljihunku kai tsaye. Da zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓulla a Saudiyya da Yaman cikin 2000, Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga ƙasashen gabashin Afirka, na Somaliya ba ta buɗe musu ƙofa ba sai 2009. Shekara tara ke nan babbar kasuwarsu na rufe. Ƙasar da ba ta iya nuna shaidar lafiyar dabbobinta, ranar da maƙwabci ya tsorata, kara ce ke fara mutuwa.

Abin da muke nema

Da yake tarihi ya nuna ba a cin nasara sai da mu, ga abin da muke nema daga gwamnatoci da masu bincike da masu ba da kuɗi.

Na farko, duk wanda zai ɗebi jini ko nono, na dabba ko na mutum, ya fara yin bayani da harshen da muke ji, ya nemi yarda, sa'an nan ya dawo ya gaya mana abin da ya gani. An sha zuwa rugage a ɗiba a tafi, sakamako ya ƙare cikin littafin Faransanci ko na Ingilishi, mai saniya bai ji kome ba. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, gobe ba zai kama saniyarsa ba.

Na biyu, lokacin allura da wurinta a shirya su da ardo-ardo da garso-garso. Allurar da aka kawo bayan garke ya tashi, ko a ƙarshen rani lokacin da dabba ba ta iya tsayuwa, hasarar magani ce.

Na uku, a raba ƙidayar rigakafi da ta haraji, a kuma faɗa a fili. Muddin makiyayi na zaton littafin malamin dabbobi zai koma hannun mai karɓar kuɗi, rabin garke zai kwana a daji.

Na huɗu, abin da aka gwada a Cadi ya zama ƙa'ida. Motar da ta zo domin shanu ta zo da allurar yara da mai duba mata masu ciki.

Na biyar, a koya wa ƴaƴanmu aikin taimakon likitan dabbobi, hukuma ta san da su, ta riƙa duba aikinsu, kamar yadda aka yi a Afar.

Na shida ya shafi iyaka. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince cewa tafiya da dabbobi hakki ne na makiyayi. Cikin 1998 ƙasashen CEDEAO suka amince da takardar ƙetare iyaka da dabbobi, mai nuna yawan garke da rigakafin da aka yi masa da hanyar da zai bi. Cikin Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga wannan ƙungiya. Ba mu zo nan yin siyasa ba. Roƙonmu shi ne, ko wane irin saɓani ke tsakanin gwamnatoci, likitocin dabbobi na ɓangarorin biyu su ci gaba da magana da juna, ɗakunan bincike na Yamai da Vom da Garwa da Farsha su ci gaba da musayar labari, takardar rigakafin wannan ƙasa kuma a girmama ta a waccan. In annoba ta tilasta rufe kara ko iyaka, a yi shawara da mu, a faɗi sharaɗin buɗewa, wanda aka yanka wa dabbobi a biya shi diyya. Iyakar da aka rufe ba shawara ba ta tsayar da garke. Ta kan tura shi ne ya bi ta daji da dare, inda babu malamin da zai gan shi, cuta kuma ta wuce da shi.

Abin da ke kanmu

Mai neman hakki dole ya sauke nasa nauyi. Ranar allura a kawo garke duka, domin saniya ɗaya da aka ɓoye na iya riƙe cuta ta ba sauran. In ka ga ɓari ya yi yawa, ko dabbobi na mutuwa ba dalili, ka kai labari ran nan, kada ka jira kasuwa ta ci. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ci, kada a sayar da fatarta, a haƙa rami mai zurfi a binne, domin ƙwayar saifa na zama cikin ƙasa shekaru da yawa kuma tana kama mutum. Kada a sa hannu tsirara cikin ruwan haihuwar dabbar da ta yi ɓari. Iyayenmu mata, a tafasa madara kafin a ba yara. Dillalai da fatake, dabbar da kuka san ba ta da lafiya in kuka sa ta a mota, kun ɗauki cuta daga ruga ɗaya kun kai ta kara goma. Maganin da ake shanyawa a rana a kasuwa kuma, wanda ba a san mafarinsa ba, shi ke sa sammore ya daina jin magani.

Akwai gwaji a gabanmu. Annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR ƙanwar bushiya ce, kamanninsu ɗaya: zazzaɓi, majina, gyambon baki, zawo. An fara gane ta a Kodebuwa cikin 1942. Maganin rigakafinta da aka fi amfani da shi an samo shi ne daga ƙwayar cutar da aka ɗauka a Nijeriya cikin 1975, wani masani ɗan Afirka ta Yamma, Adama Diallo, da abokan aikinsa suka sarrafa ta a Faransa. Cikin 2015 ƙasashe suka taru a Abijan suka ɗauki alkawarin kawar da ita kafin 2030. Wannan aiki ya fi na bushiya wuya ta wani fanni, domin awaki na haihuwa da sauri, ana sayar da su da sauri, cikin shekara biyu ko uku garke ya cika da sababbi marasa kariya. Akuya kuwa ita ce dukiyar mace da ta talaka, ita ce abin da ke tayar da gida bayan fari. In aka yi sakaci irin na bayan 1976, mun riga mun san yadda labarin ke ƙarewa.

Ƴan'uwa, muna roƙon kowane ardo da kowane sarkin zango, in ya koma gida ya tara jama'arsa ya karanta musu waɗannan buƙatu shida, a tattauna, a ƙara abin da ya dace da yankinsu, domin ranar da masu bincike ko malaman allura suka zo su tarar da mu da magana ɗaya a baki. Ba a fafe gora ranar tafiya.